Teburin da Na Kafa a Bakin Ƙofa

Shekara tara na yi ina wakila a wata sakandaren 'yan mata da ke unguwar Rusaifa, a ƙasa mai tsarki. Wakila ita ce mataimakiyar shugabar makaranta, kuma in ana son gaskiya, ita ce wadda aka ajiye a tsana domin a samu damar son shugaba. Shugaba ta yi murmushi ta raba kyauta, ni kuwa in tsaya a ƙofa da safe ina duba farce da tsawon siket. Ban taɓa jin haushin rabon nan ba. Ina son doka, ina son layi ya miƙe, ina son in ga suna a takarda in sa masa alama. 'Yan matan suna da sunan da suke kirana da shi a bayan idona, na san shi sarai, kuma ban ga laifinsu ba.

Aikin da ya fi cin raina a shekara shi ne bikin yaye 'yan ajin ƙarshe, wanda muke ce wa hafla. Da hantsi ake yin sa, a tsakar makaranta ƙarƙashin rumfa, mata zalla. Iyaye su zo su tuɓe abaya su fito da kwalliyar da suka yi wata guda suna shiryawa. 'Yan mata su sa doguwar riga iri ɗaya da hula mai faɗi, su shigo biyu-biyu a hankali ana kiɗa. Wannan shigowar ita ake kira masira, kuma ita ce bikin, sauran duk jawabi ne da gahawa. Na ga 'yan matan da suka manta duk lissafin da aka koya musu kafin su kai gida, amma ban ga wadda ta manta inda uwarta ta zauna ranar masira ba.

Da yake mata ne kai a buɗe, babbar fitinata ita ce waya. A shekarar da ta gabaci wadda zan ba da labari, wata ta ɓoye waya a kwalin alewa ta ɗauki hoto, hoton ya yi yawo, aka ga wata malamarmu a ciki ba ɗankwali. Baiwar Allah ta yi kwana uku ba ta iya zuwa aiki ba. Ni kuwa na ɗauki abin a matsayin an taka ni. Na rantse a raina ko allura ba za ta sake wucewa ta ƙofata ba sai na gan ta.

Saboda haka na fito da tsari. Kowace yarinya baƙuwa ɗaya, ta rubuta sunanta a takarda ta kawo mini mako biyu kafin biki. Na zauna ina bin sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu na san masu su, har na zo kan wani da ban taɓa gani ba. Na wata yarinya ce shiru-shiru, mai zama a layi na uku kusa da taga, wadda malamar kimiyya take yabo har ta gundure mu. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama. Shekara uku da ta yi a wurinmu, ƙanwar mahaifin ce take zuwa duk wani taron iyaye, ita ke sa hannu, ita nake kira in wani abu ya taso.

Ni da yarinyar nan mun san juna ta wata hanyar da ba ma faɗa. Kakannina daga Kano suka zo aikin hajji tun ba a haifi mahaifina ba, suka zauna a unguwar Tandabawi. A nan aka haife ni, takarduna cikakku. A gida Hausa muke yi, ko in ce Hausa da Larabci a kwano ɗaya. A makaranta kuwa ko «sannu» ban taɓa furtawa ba. Ba wanda ya hana ni. Na dai gaya wa kaina wai adalci ke nan, kada a ce wakila tana da 'yan gida. Ita ma yarinyar ta gane ni kamar yadda na gane ta, ta kuma bi ni a kan haka. Da Larabci na kira ta ofis, da Larabci muka yi magana.

«Wannan sunan fa? Ina goggon taki?»

«Mamana ce, Abla.» Haka ɗalibai suke kiran malama a nan.

Saura kaɗan in ce ashe tana da rai. Allah ya taimake ni na haɗiye. Na sa alama na ce ta tafi, amma ba ta motsa ba, ta tsaya tana murza bakin rigarta.

«Abla, za a nemi kati a ƙofa?»

Ba sai an ƙara mini bayani ba. Cikakken labarin daga baya na ji shi: uwar ta zo hajji ta zauna, ta yi aure, mijin yana cikin neman mata takarda Allah ya karɓi abinsa. Yarinya tana da takardun ubanta, uwa ba ta da ko ɗaya. Aikatau take yi a gidaje, lokacin hajji ta tafi Arfa wanke-wanke. Shi ya sa ba ta taɓa taka makarantar 'yarta ba, tun daga aji ɗaya na firamare.

Na ce, «Ba kati. Suna kawai.»

«Wallahi, Abla?»

«Ina wakila zan yi miki ƙarya?»

Ta yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta fita da sauri har tana bugun ƙofa. Ashe ta yi wata biyu tana lallashin uwar, uwar tana cewa a'a. Maganata ta ɗauka ta kai gida, ta rantse a kai, sannan aka amince.

Ni kuwa na koma kan wayoyina. Ana saura kwana biyu biki na ga malamai ba za su iya binciken ba, domin kowace tana jin nauyin taɓa jakar uwar ɗaliba. Sai na nemo ma'aikaciyar tsaro daga wani kamfani, mace, mai riga shuɗiya a kan abaya, da lamba a ƙirji, da sandar nan mai ƙara da ake shafawa a jikin jaka. Na sa aka fito da babban tebur na ɗakin malamai. Don kada a cunkushe a soro, na ce a kafa shi a waje, a bakin ƙofa daidai. Aka ɗora jerin sunaye, da ambulan-ambulan na zuba waya, da lambobin da za a ba masu wayar. Direban da ya kawo ta ya ajiye motar kamfani a gefen teburin saboda inuwa, farar mota mai ratsin shuɗi da fitila a kanta. Na tsaya daga ciki na dubi aikina, na ji daɗi har cikin raina. Ban tuna da yarinyar layi na uku ba ko sau ɗaya.

Ƙarfe tara za a fara. Kafin tara saura kwata tsakar makaranta ta cika, ƙamshin turare yana faɗa da na gahawa, fankoki suna ta fama. Shugaba ta sa koriyar rigarta ta biki tana zagayawa tana sumbatar iyaye. Ni ina baya wajen ɗakin gwaji inda na jera 'yan mata, ina gyara hula, ina ƙwace cingam, ina raba masu tsayi ɗaya su tsaya tare. Malamar da na sa ta kula da kujeru ta zo ta raɗa mini cewa kujera uku ne babu kowa. Na ce kullum sai an samu 'yan latti, in sun zo su zauna a baya.

Ina juyowa na ga layina ya karye. Yarinyar ta fita daga ciki, ta cire hula ta riƙe a hannu, ta jingina da bango.

«Koma layi.»

«Mamana ba ta zo ba.»

«Tana hanya. Koma.»

«Ta riga ni fita, Abla. Tana idar da asuba ta fita. Ba ta hawa motar babban titi, zagaye take yi.»

Na ce to ta kira ta mana. Ta dube ni kawai, sai na tuna wayarta tana cikin ambulan, a ƙarƙashin dokar da ni na kafa. Na aika aka ɗauko. Ta kira, ta juya mini baya, amma ina jin muryar matar daga ciki, ƙasa-ƙasa kamar mai magana a ɗakin mara lafiya. Ba ta daɗe ba ta kashe. Yarinyar ta juyo, idonta ya kawo ruwa amma ba ta bari ya zubo ba.

«Ta ce akwai askarawa a ƙofa. Ta ce in yi bikina, tana yi mini addu'a daga inda take.»

Na buɗe baki zan ce wane irin askarawa, sai ta riga ni. Da Hausa ta yi maganar, a gaban ƙawayenta, karo na farko a shekara uku.

«Kin ce ba za a tambaya ba.»

Ban taɓa jin magana ta shige ni irin wannan ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi rashin kunya ba, da ta yi ma da na samu abin kamawa. Ta ajiye hular a kan taga, ta ce ita ba za ta yi masira ba, a ba ta takardarta in an tashi.

Na zura abayata na fita. Na wuce teburin, na tsallaka titi, na tsaya a bakin shagon mai gyaran takalma, sannan na juyo na dubi ƙofar makarantata daga inda ban taɓa dubanta ba. Ga mota mai fitila. Ga mai kaki a tsaye da sanda. Ga tebur, ga takarda, ana tsayar da mace ana tambayar sunanta ana dubawa, ana karɓe mata waya.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ni ba baƙuwar wannan tsoron ba ce. A Tandabawi kakata ba ta taɓa sa wa ƙofarmu sakata da rana ba. Akwai wata maƙwabciyarmu mai sayar da gyaɗa a bakin hanya, da ta hango irin wannan motar sai ta bar tiren a nan ta faɗa gidan da ya fi kusa, yawanci namu. Kakata ta zaunar da ita ta ba ta ruwa, su yi ta hirar da ba ta shafi komai ba har motar ta wuce. Ni ake aika in ɗauko tiren. Da wannan na girma, na kuma yi karatu na samu ofis mai sanyi, na zo na haɗa abin nan da hannuna guntu-guntu, ina yaba wa kaina.

Ban sha wahalar samun su ba, domin na san inda ni zan tsaya in ni ce. A lungun bayan gidan burodi, inda ake hango ƙofar makaranta amma daga ƙofar ba a hango ka. Su uku ne zaune a kan dakali. Wata dattijuwa mai carbi, wata matashiya da ta rufe fuska, da wata doguwa siririya a tsakiya, hannunta ya sha jan lalle, bakin sabuwar atamfa yana leƙowa ta ƙasan abaya. Ko ba a faɗa ba, goshin yarinyar ne a fuskarta.

Suna ganina suka miƙe gaba ɗaya. Sai a lokacin na lura katin aiki yana rataye a wuyana, ga kwafin jerin sunaye a hannuna, na taho musu da saurin nan nawa na kama mai latti. Na cire katin na cusa a jaka tare da takardar. Na rage tafiya.

«Salamu alaikum. Ina kwananku? Kun zo lafiya?»

Suka dubi juna. Dattijuwar ce ta amsa, a taƙaice. Na ci gaba da gaisuwa, ya gida, ya yara, ya zafi, ina jin harshena yana tuntuɓe, domin Hausar da nake yi da mahaifiyata a kicin daban, wadda ake tarar manya da ita daban. Agogo yana cina, amma na san in na tsallake gaisuwar nan na gama rasa su.

Doguwar ta ce, «Mi kike so da mu? Mu ba mu yi komi ba. Wucewa mukai.»

«Ni ce wakilar makarantar. Ni na ce wa 'yarki ba za a nemi kati ba.»

«To ke ce.» Ta dube ni daga sama har ƙasa. «Ga shi kuwa munka gani.»

Na yi bayani. Na ce ba askarawa ba ne, ma'aikaciyar kamfani ce, waya kawai take karɓa saboda hoto. Ina magana ina jin yadda bayanin yake fita fanko. Matar da ta yi shekara ashirin tana kauce wa rigar nan ba za ta tsaya karanta abin da aka rubuta a lambar ƙirji ba, kuma tana da gaskiya.

Dattijuwar ta katse ni. «Ke 'yar wane gida ce?»

Na faɗi unguwa, na faɗi layi, na ce gidan da ke kan hawa, inda ake tuyar waina da safe. Ta tsayar da carbinta.

«Mai wainar nan da ba ta gyara? Ke jikarta ce?»

«Ni ce, Hajiya.»

«Allah ya jiƙanta. Wainarta da daɗi, amma ko kuka za ki yi ba za ta ƙara miki ɗaya ba. Ashe a nan kika gado tsanani.» Ta juya wajen sauran. «Na san gidan. Na taɓa shiga, ba sau ɗaya ba.» Ba ta faɗi abin da ya shigar da ita ba, ni ma ban tambaya ba.

Matashiyar ta yi dariya a bayan mayafi. Doguwar ba ta yi ba, amma ta koma ta zauna, ta ce Hausar tawa dai ta sha gahawa da yawa. Na karɓa, domin ban da bakin musu.

Wayata ta yi ƙara. Shugaba ce, wadda muke ce wa mudira, tara ta wuce da minti goma, iyaye sun fara fifita da takardar shiri, ina na shiga. Ni da nake rufe ƙofa a kan minti ɗaya, na ji bakina yana cewa, «Ki ba ni minti goma, ya mudira. Ki sa a ƙara zagayawa da gahawa.» Ina jin ta ɗauka wani ne ya ɗauki wayata.

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar mai sauri. Na ce akwai ƙaramar ƙofa ta baya, inda ake shigo da ruwa da kayan shara, babu kowa a wurin, in zagaya da su yanzu a wuce wurin. Dattijuwar ta fara tattara abayarta. Doguwar ba ta motsa ba.

«Ƙofar baya ita nika bi kullum, Malama. Duk gidan da nika aiki, ta nan nika shiga, ta nan nika hita. Ban ƙi ba, abincina ne. Amma ɗiyata ta ce mini yau kujera gare ni, da sauran uwaye. In ta wajen shara zan shigo ƙawayenta na kallo, gara in zamna nan. Ta san ina kusa.»

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sau biyu ke nan a safiya ɗaya. Na ce su ba ni minti biyar, kada su tafi, su dai zuba ido a kan ƙofar.

Na tsallaka da gudu-gudu, abin da ban taɓa yi a gaban makaranta ba. Na roƙi direba ya zagaya da motarsa bayan layi. Ya ce inuwa fa, na ce Allah zai ba shi wata. Ma'aikaciyar tsaron yarinya ce mai hankali, ba ta yi laifin komai ba, aikin da na sa ta take yi. Na ce ta shiga ciki ta zauna ta sha gahawa, aikin ƙofa ya ƙare. Ta dubi lungun da nake ta waiwaya, ta dube ni, ba ta tambayi komai ba. Ta tuɓe shuɗiyar rigar ta naɗe ta da sandar a ciki, sannan ta kama gefe ɗaya na teburin. Ni da ita muka ɗauke shi, ambulan suna zubewa, tsohon maigadinmu yana bin mu yana tsincewa yana salati. Muka jingine shi a soro.

Na dawo na tsaya a bakin ƙofa ni kaɗai, hannu wofi. Na buɗe ƙyauren duka biyu.

Sun ɗan jima. Sannan na ga dattijuwar ta fito daga lungun, matashiyar tana riƙe da hannunta, doguwar a baya. Titin nan bai fi taku ashirin ba, amma doguwar ta tsaya sau biyu tana duba hagu da dama, ba kuma mota take dubawa ba. Ta iso bakin ƙofa. Na ce, «Sannu da zuwa, Hajiya. Bismillah.» Ta sa ƙafar dama ta shigo.

A soro na tsaya ina jin nauyin abin da zan faɗa, domin dokar waya ba don ni kaɗai aka yi ta ba, akwai mata ɗari a ciki kai a buɗe. Ban kai ga magana ba doguwar ta zaro tata daga ƙirji, tsohuwa mai tsagaggen gilashi, ta kashe ta miƙo mini.

«Amana,» ta ce.

Na sa a jakata tare da na sauran biyun. Ban ba su lamba ba, su ma ba su nema ba.

Suka tuɓe abaya. Atamfar doguwar ruwan goro ce da ganye-ganye, ɗinkin bai ko taɓa ganin ruwa ba, ta kafa ɗauri irin wanda na daina gani tun bikin 'yan uwan kakata. Ta gyara shi da hannu biyu, ta ɗaga kai, sai ga wata mace daban da wadda na samu a kan dakali. Na aika malama ta gaya wa yarinyar layi na uku ta ɗauki hularta.

Na raka su ciki da kaina. Malamar kujeru, da yake ita ma ɗalibar tsarina ce, ta manna wa kowace kujera 'yar farar takarda da sunan mai ita, an buga da inji. Na nuna wa matar tata, a layi na biyu ta gefen da 'yan mata za su wuce. Ba ta zauna nan da nan ba. Ta sunkuya ta sa yatsa a kan takardar tana bin baƙaƙen ɗaya-ɗaya, leɓenta yana motsi, irin karatun wanda ya yi allo. Da ta kai ƙarshe ta sake komawa farko. Sannan ta zauna a bakin kujerar, ba ta jingina ba.

Aka saki kiɗa da tara da rabi. Ban taɓa fara biki a makare haka ba, ban kuma taɓa damuwa kaɗan haka ba. 'Yan mata suka fara shigowa biyu-biyu, iyaye suna ta guɗa irin ta Hijaz, ana watsa furanni. Matar tana ta miƙa wuya, duk riga iri ɗaya, duk hula iri ɗaya, ta rasa tata. Sai da suka zo daf da ita. Yarinyar ta karya dokata ta uku a ranar, ta juyo da kai daga layi, ta ce, «Mama.»

Matar ta miƙe tsaye. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin ta gida, siririya mai tsawo, ta keta kiɗan da duk sauran guɗar ta fita ta saman rumfa. Wuri ya ɗan yi tsit, kawuna suka juyo. Dattijuwar ta karɓa daga inda take. Can baya wata uwa da na yi shekaru ina gaisawa da ita da Larabci, matar wani babban ɗan kasuwa, ita ma ta kama hanci ta saki tata. Daga nan aka ruɗe da tafi. Yarinyar tana tafiya tana kuka tana dariya, hular ta karkace, ni kuwa ban je na gyara ba. Ina tsaye a jikin ginshiƙi ina share ido da bakin mayafi, ina addu'a kada wata 'yar aji biyu ta gan ni mutuncina ya zube.

Da aka tashi na tsaya a soro ina mayar da wayoyi. Sai da mutane suka ragu suka iso, uwa da 'ya, yarinyar tana rungume da jakar takardar shaidarta. Na ba matar wayarta, na ce ta yafe mini abin da na yi da safe. Ta ce ba komi, ya wuce. Amma ba ta tafi ba, ta tsaya tana murza wani abu a tafin hannu. Ta buɗe. 'Yar takardar kujera ce, ta ɓamɓaro ta a hankali, ko kusurwa ba ta yage ba.

«Malama, wagga ta makaranta ce, ko ina iya tahiya da ita?»

Na ce takarda ce kawai, da ma sharewa za a yi.

«To ina so.» Ta sake dubanta. «Tun da niz zo ƙasar ga, ban taɓa ganin an rubuta sunana a takarda ba.»

Yarinyar ta karɓa daga hannun uwar, ta buɗe jakar shaidarta, ta shimfiɗa 'yar takardar a kan tata, ta daidaita ta da yatsa don kada ta lanƙwashe, ta rufe. Ta miƙa wa uwar jakar ta ce ita za ta riƙe. Suka sa abaya, suka yi mini sallama, suka fita ta ƙofar gaba.